Daren da Muka Kwana Cikin Auduga

Mun bar Garwa bayan la'asar, mu biyar,
da kalangu biyu, da goge, da janareto mai tari,
da alkawarin biki a Mokolo ran Alhamis.
Motar Bakari ta girmi Bakari.
Igiya ce ke riƙe da ƙofar baya,
gilashin gefena kuwa kwali ne,
kwalin ma aro.

Kafin Figil sanyi ya shigo ya zauna tsakaninmu,
bai biya kuɗin kujera ba.
Dudu ta naɗe wuyanta da zane biyu,
tana tauna citta, ba ta magana da kowa,
don muryar nan ita ce jarinmu duka.
Malam Garga ya cire rigar sanyinsa
ya lulluɓe goge da ita.
Na ce, Malam, kai fa?
Ya ce, in na yi mura zan warke,
in ƙwaryar nan ta tsage, wa zai ba ni wata?

A shingen jandarma aka haska mu da tocila.
Takardu sun cika, amma mutumin yana jin kaɗaici.
Ya ce a taɓa masa ko kaɗan.
Na ɗauki gula, yatsuna suka ƙi ni,
kamar na aro hannun wani na manta ban tambayi yadda ake amfani da shi ba.
Na buga abin da ya samu.
Ya ɗaga sandar, ya ƙara mana da rabin burodi.

Bayan Gidar, inda hanya ta fara hawan dutse,
mota ta yi atishawa sau uku, ta yi shiru.
Bakari ya buɗe bonet ya tsaya yana kallo
kamar mai gaisuwar mutuwa.

Can gefe muka hango fari a cikin duhu,
tudu guda, ya fi ɗaki tsawo:
audugar ƙauye ce, tana jiran ma'auni.
Mai gadinta, wani tsoho wai shi Tumba,
ba ya jin Hausa, mu ba ma jin yarensa,
muka haɗu a tsakiya da guntun Fillanci.
Ya ce wuta dai a'a, ko ashana kada ya gani.
Sai ya nuna tudun da haɓa.

Muka haƙa rami kowa nasa, muka shige har wuya.
Ɗan'azumi ya rungume kalangu kamar jariri.
Na ji ƙwayar gurya tana sukata a haƙarƙari,
na ji ɗumi yana dawowa daga ƙafa, a hankali,
kamar bashin da aka fid da rai da shi.
Na tuna Tasalla a gida,
da bargon da na ce zan sayo mata tun bara.
Taurari sun sauko ƙasa ƙasa.
Wani ya yi munshari, ban faɗi suna ba.

Da asuba muka fito fari fat,
gira, gemu, har cikin kunne.
Dudu ta dube mu ta fashe da dariya,
a nan muka san muryar tana nan.

Masu awo suka iso da sikeli,
mata da dammunan kaya a ka.
Malam Garga ya shafa ƙaro a izga, ya ja sau ɗaya,
layin gaba ɗaya ya juyo.
Muka yi musu har rana ta taɓa bayanmu.
Ba wanda ya liƙa mana jaka,
kuɗin audugar ma sai wata mai zuwa.
Amma kunun gyaɗa ya zo a ƙwarya, yana hayaƙi,
samari takwas suka tura motar har gangare.

Mun isa Mokolo an riga an kai amarya.
Uban biki ya ba mu rabi, da haƙuri mai yawa.

Har yau in na kwance tsarkiyar kalangu
ina samun farin zare maƙale a ciki.
Ba na cirewa.