Mai Bin Baya

Daren Talata, shagona a Garwa.
An ture kekunan mutane gefe,
mu goma sha biyu kan tabarma uku,
butar shayi na ta mita a kan gawayi.

Jibirilla ya ɗaga waya sama:
"Marwa kwana biyu ce, ga ta nan a zane."
Na ce, wayar taka ta taɓa taka feda?
Ta san hawan da ke bayan Figil,
inda cinya ke tuna bashin da ake bin ta?
Kwana huɗu, yaro. Rubuta.

Na bi hanyar nan tun iyayenku na zance,
da buhun busasshen kifi a kariya,
ba don nishaɗi ba, don tuwon dare.
Sai na ɗau sifana na zana ta a ƙasa:
nan Pitowa, a karya da ƙosai, kar a zauna;
nan tsamiyar da za ta ɓoye ku da azahar;
nan rijiya mai zartsi, a wanke fuska kawai;
nan jandarma, kowa katinsa a aljihun gaba.

Asta ta buɗe littafin kuɗi.
Jaka goma sha biyar kowane kai,
kuma ba ta karɓar "gobe in Allah ya kai mu".
Shinkafa, manja, dabino, ƙuli,
gishiri da sukari don mai jiri,
jarka takwas, gidan sauro,
faci kwali biyu, na ce a sa uku.
Ƙayar aduwa ba ta san lissafi ba.

Durwe, malamin makaranta, ya ce
gwaggonsa a Muturwa ta ba mu tsakar gida,
sai dai zakaranta ba ya jiran asuba.
Hamajoda ya kawo a-kori-kurarsa,
wadda albasa ta aura shekara tara.
Ya rantse zai wanke ta da omo.
Muka ce amin, ba don mun yarda ba.

Doka ɗaya na kafa, ba ta littafi ba:
tafiyar ayari, ta mai rauni ce.
Wanda ya iso gari shi kaɗai
bai iso ba.

Sai Asta ta ƙirga: "Keke goma."
Na ce sha ɗaya.
Shayi ya yi shiru a bakin kowa.
Ita ba ta dube ni ba,
gwiwata ta duba, ta hagun,
wadda ke faɗa mini hadari kafin rediyo.

"Baba Tanko," in ji Jibirilla a hankali,
"in kana kan sirdi, sarƙa ta tsinke a daji,
wa za mu waiwaya mu gani?"
Ashe sun gama wannan zaman
kafin su zo nawa zaman.

To.
Shekara arba'in ina gyara ƙafar wasu.
Zan zauna gefen Hamajoda,
akwatin ƙarafa tsakanin ƙafafuna,
mu bi ku a hankali kamar saniya bayan maraƙi,
ina ƙirga bayanku, goma, goma,
ina gane mai ƙishi daga karkatar wuyansa.
Mai shiga mota don gajiya, ba zan tambaye shi ba.
Ruwa zan miƙa, in dubi taga.

Da suka watse, na rage fitila,
na sauko da baƙin kekena daga ƙusa,
na shafa masa giris, na ba shi iska.
Zai kwanta ƙarƙashin tabarmi, bayan jarkoki.
Daga Salak hanya shimfiɗe take,
gwiwa ma ta san haka.
Wannan ban sa Asta ta rubuta ba.