Ranar da Jirage Suka Dakata

Yau Daegu ta waye da sanɗa.
An jinkirta buɗe bankuna
don titi ya zama na yara.
Ɗan sanda ya goyo wata makararriya a babur,
jiniya na buɗe mata hanya kamar mai naƙuda.

Iyaye sun liƙa alewa a ƙofar makaranta,
wai karatu ya kama kamar yadda ta kama.
Ba wanda ya sha miyar ganyen teku da safe:
santsi gare ta, kada amsa ta zame.

Ni an turo ni tsaron ajin da ban san kowa ba.
Ban fesa turare ba, takalmina na roba,
tarin da ya taso mini na haɗiye shi.
Bayan ƙarfe ɗaya jirage suka fasa sauka,
suna kewaya gajimare
har yara su gama sauraren muryar lasifika.
Ƙasa guda ta riƙe numfashi.

Hankalina kuwa yana kan wani littafi mai koren bango,
na Pyo Hangyeol, wanda yake rubutawa duk Juma'a.
A Afrilu ya ce: Lissafi ba ya ƙauna ta.
A Yuni: Sau uku na faɗi a rami ɗaya,
a na huɗu na tsaya na leƙa cikinsa.
A Satumba, da ƙananan baƙaƙe can ƙasan shafi:
Malama Eom, yau na koya wa Dasol
abin da ya sa ni kuka bara.

Ina gurbin wannan a takardar yau?
Da'ira biyar ce, ka cike ɗaya da baƙin tawada.
Na'ura ba ta san Afrilu ba.
Shekara sha biyu ake aunawa
da mudun wuni guda,
abin da ya zube, ya zube.

Ban raina ma'aunin ba, ni ma ta ƙofarsa na shigo.
Sai dai yarinyar layin gaba
hannunta na rawa tun ɗazu,
doka ta hana ni ce mata komai.

Da magariba aka buɗe ƙofa,
uwaye suka rungume 'ya'ya da rigunan sanyi.
Gobe Juma'a.
Zan raba littattafan kamar kullum,
in rubuta a allo: Me ka gane? Me ya kuɓuce maka?
Jirage za su riƙa wucewa da rugugi,
ba mai tsayar da su saboda wannan.