Tsirkiya Biyar

Ni ne mai ɗaukar jitar Edelmira.
Ƙanwata ce. Ni ban iya waƙa ba,
ko tafi na yi sai na saɓa wa jama'a.
Aikina tuƙi, da naɗe waya,
da ƙirga canji a gwangwanin shayi
bayan kowa ya watse.

Daren jiya a Dalcahue,
a wani ɗakin cin abinci mai ƙarnin kifi da warin jiƙaƙƙen ulu,
mutum goma sha huɗu suka zo,
in an haɗa da mai wurin da karensa.
Wani ɗalibi daga Santiago ya tare ta da ɗan littafinsa:
"A wurin wa kika ɗauko salo?
Faifan wa kika fi saurare?"
Ta yi murmushi, ta ce ta manta.

Ba ta manta ba, nauyin baki ne.
Bari ni in faɗa, tunda a gabana aka yi.

Akwai mazarin kakarmu Ercilia
yana juyi a kan daɓen katako
tun faɗuwar rana har itacen murhu ya koma toka.
Gurnanin nan da babban yatsanta ke tayarwa
a kan tsirkiya mai kauri,
daga can ta kwaso shi.

Akwai gudumar babanmu
tana cusa igiya a tsagar kwalekwale:
biyu a jere, sai tsit, sannan ɗaya.
Masana sun ce kiɗanta yana ɗingishi.
Da gaskiyarsu.
A daidai nan Baba ke tsayawa ya yi tari,
kuma tarin ne ya tafi da shi.

Sai rediyon kicin mai batir huɗu
da ke kamo wata tasha daga ƙetaren duwatsu
in iska ta ga dama.
Rabin waƙa muke samu, sauran shuuu.
Ni in tashi in buga masa tafin hannu,
ita kuwa ta zauna a kan buhun dankali
ta ƙarasa waƙar da bakinta.
Tana 'yar shekara tara
ta riga ta aurar da mutane, ta nutsar da jirage,
ta maido wani soja gida da ƙafa ɗaya,
duk don baiti ya cika.

Tsirkiya biyar ce a jitar, ba shida ba.
Mutane na zaton wata hikima ce.
Ni na kayar da ita a gangaren jirgin fito
maɗauri guda ya ɓalle.
Na sayo sabo, har yau yana aljihun mota.
Ta ce ta saba da giɓin,
kamar harshe da gurbin haƙori.

Bara wani mai kamfani ya zo da takalma masu sheƙi,
ya ce zai sa mata ganguna da 'yan amshi.
Ta tambaye shi ko zai bar ƙarar ruwa a kan kwano ta shiga faifan.
Ya yi dariya. Ita ba ta yi ba.
A rumbun dankalin Anselmo Nahuelquín muka ɗauka,
kuma in ka kasa kunne a waƙa ta uku
za ka ji kaza tana shelar ƙwai.

Yau da asuba muna layin fito, ana yayyafi.
Na ƙirga: bayan kuɗin mai
abin da ya rage na burodi ne da cuku kaɗan.
Waifar motar ta hagu ta lalace,
tana ja, tana ƙugi, tana tsallake guda.
Na ce zan gyara in mun haye.

"Bar ta tukuna, Belarmino," in ji ta,
idonta a rufe,
yatsunta suna tafiya a kan gwiwa.