Gaban Goshi

Ƙarfe biyun dare a ofishin ruwa,
fanka na tari, allo na ƙifta ido.
Manhajar da ke raba wa Damagaram ruwa
ba ta san barci ba,
ni kuma an ce in gwada lafiyarta.

Da mota ce, sai a kashe ta a buɗe ciki.
Wannan in ta tsaya minti goma
Garin Malam ta kwana da ƙishi,
layin bido a famfon Kara-Kara
ya kai bakin kwalta kafin asalatu.

Tsahiru mai gadi ya miƙo mini shayi.
Ya ce, "Barira, me kike ta ƙirgawa?"
Na ce, "Ina auna inda aska za ta bi
ba tare da jini ya fito ba."
Ya yi dariya. Ubansa wanzami ne a Birni.
"Shi ma bai taɓa jiran mutum ya yi barci ba.
A zaune yake aski, mai kai na ta zuba zance,
sai an zo gaban goshi ya ce a yi shiru."

Gwaji arba'in da bakwai ne a takardata.
Talatin da ɗaya leƙe ne kawai,
kamar mai duba tukunya bai sa muciya ba.
Tara suna taɓawa,
amma abin da suka ɗauka suna mayarwa.
Saura bakwai.

Su ne gaban goshi.
In na ce wa na'ura tanki ya cika
don in ga iyakar hankalinta,
sai ta gaskata ƙaryata
ta rufe bututun da ke bi ta asibiti,
inda wata ungozoma ke wanke hannu yanzu.
Ban zo gyaran gangar Abzinawa ba.

Na yi arba'in, ɗaya bayan ɗaya,
yatsana na kan maɓallin komawa baya.
Allura ta girgiza sau biyu, ta zauna.
Na rubuta: arba'in cikin arba'in da bakwai.
Shugaba zai so lambar, zai sa mata hannu.
Ni na san ciwo ya iya zaɓen wurin ɓuya,
inda hannu ke tsoron zuwa.

Gari ya waye a kan duwatsu.
Ɗan ga-ruwa na farko ya wuce da kurarsa,
ruwa na fantsama masa a ƙafa.
Bai ɗago kai ba.
Na naɗe bakwai ɗina na sa a jaka,
shayin Tsahiru ya huce tuni.