Abin da Ban Rubuta Ba

Daren Laraba a Leeds, yayyafi na lasar taga.
Ɗakin da muke haya a bayan tsohuwar majami'ar Turawa,
bututun ɗumama ɗaki na tari kamar tsohon da ya ƙi asibiti.
Mu biyar a tebur. Ni ne magatakarda,
aikina biro, ba baki ba.

Batu na uku: Liyatu Zakka.

Tana waje kan benci da shuɗiyar rigar aiki,
ƙarfe tara tsofaffin gidan jinya na jiran ta.
Shekara goma sha ɗaya ke nan da Habila ya ɗauki akwati
ya ce Glasgow zai je neman aiki.
Aikin ya haifi 'ya'ya biyu.
Takardar kotu ta faɗo ta ramin ƙofa
rana ɗaya da takardar kuɗin wuta.
Yanzu Barnaba, wanda ya binne matarsa a ƙasar nan mai sanyi,
ya roƙa a ɗaura musu a gaban bagade.

Dattijo Irmiya ya buɗe Littafi,
shafukan sun yi laushi da gumin yatsa.
Ya ce igiyar nan ba alƙali ne ya tufka ta ba,
ba alƙali ne zai tsinka ta ba. Sai kabari.
Ya ce mun baro gida,
amma ba mu bar Maganar a filin jirgi ba.
Muryarsa na rawa. Ba mugu ba ne, ni shaida ne:
shi ya biya mata hayar wata uku
shekarar da aka bar ta da yarinya a goye.

Dattijo Nuhu ya buɗe nasa, can gaba kaɗan.
Ya ce wadda aka guje wa ba baiwa ba ce.
Irmiya ya ce ayar nan ta marar bi ce,
Habila kuwa an yi masa baftisma a rafin garinmu.
Nuhu ya ce ruwan ya daɗe da bushewa.
Tabita ta matan zumunta ta ce, ni tambaya ɗaya:
shi wa ya zaunar da shi a benci?

Fasto ya ɗauko kalma guda ta Helenanci,
ya juya ta kamar waina a tanda.
Duk inda ya juya, akwai gefen da bai nuna ba.

Na rubuta: An tattauna.

Ban rubuta cewa ni da Keziya
shekara shida muna gaisawa ta takarda a ƙofar firji ba.
Madara ta ƙare. Kai za ka ɗauko yara.
Ran Lahadi littafin waƙa ɗaya muke riƙewa,
iyaye na nuna mu ga samari.
Tamu igiyar tana nan, ba ta tsinke ba,
babu dai abin da ke ɗaure a bakinta.
Ni ba a taɓa sa sunana a batu na uku ba.

Biyu nan, biyu can.
Ido takwas suka sauka a kaina.
Kowace aya na san ta tun ina ɗan makarantar Lahadi,
kowace na ji tsoronta.
Na ce, a rubuta wa manya a gida, mu ji ta bakinsu.
Kowa ya sauke numfashi. Aka yi addu'a.

Ni aka aika in gaya mata.
Benci ba kowa, motar tara saura kwata ta wuce.
Sai leda guda a inda ta zauna:
farin mayafin teburin Jibi,
ta wanke, ta goge, ta ninka huɗu
kamar yadda take yi kowane ƙarshen wata.

Na ɗauka.
Ban san a ƙarƙashin wane batu zan rubuta shi ba.