Abin da Itace Ya Riƙe

Ishbel ta ce, "Baba, yau ni zan biya,
bar aljihunka ya huta."
Na ɗauko kwat ɗin ranar binne uwarta,
muka ratsa yayyafin Glasgow
har wani gida mai fitilu ƙasa-ƙasa
inda cokula suka fi abinci yawa.

Aka kawo ƙaguwa, loma biyu a tsakiyar faranti,
an ɗiga mata miya kamar ana tsoronta.
A tsibirinmu Murdo kan cika maka bokiti
don kawai ka riƙe masa igiya.
Ban faɗa ba. Na ci. Da daɗi, ba na ƙin gaskiya.

Sai ga yaro, gemunsa bai gama shawarar fitowa ba,
rungume da kwalba kamar jinjiri.
"Wiski ne, shekara ashirin da shida, yallaɓai.
Za ka ji hayaƙi, ka ji zuma,
gishirin teku ya biyo baya."

Na karanta shekarar a jikin kwalbar.
Na karanta sunan gidan.

Shekarar ce guduma ta murƙushe mini babban yatsa
ina ɗaure ganga cikin sanyin Janairu.
Shekarar ce Effie ta fara tari.
Ganga ɗari uku suka bi ta hannuna,
na babbake cikinsu, na toshe, aka mirgina su duhu,
ban ƙara waiwayarsu ba.
Ashe suna can suna numfashi.
Duk shekara kaɗan ya sulale ta jikin itace,
mukan ce rabon mala'iku ne,
ba mai kai ƙara.

Na ɗiga ruwa, ɗigo uku.
Na jira. Mai gaggawa ba ya jin maganar itace.
Na kurɓa.

Hayaƙin yana nan. Zumar, to, wataƙila.
Amma akwai wanda yaron bai lissafa ba:
ƙanshin rigata in na dawo da dare,
Effie na ture ni tana dariya,
"Je ka yi wanka, ganga."

"Yaya ka ji shi?" in ji yaron.
Na mayar da yatsan ƙarƙashin tebur.
Na ce, "Wanda ya ɗaure gangar ya san aikinsa."

Takardar kuɗi ta zo a naɗe kamar saƙon rasuwa.
Ishbel ta danne ta da tafin hannu,
amma na riga na hango:
kurɓi huɗu, ladan yinina biyu a wancan zamani.

Na kira yaron.
"Ƙaro biyu, ɗaya na 'yata.
Wannan ni zan biya."