Lamba Arba'in da Tara

Ni Sallau, mai ɗinkin takalma a gindin dalbejiya,
bakin filin Murtala, shekara goma sha ɗaya,
ban taɓa jefa ƙwallo a kwando ba,
amma na san Didam tun daga tafin ƙafa.

Ranar da ya fara zuwa, inuwarsa ce ta yi sallama.
Na ɗaga kai, na ƙara ɗagawa, hulata ta faɗi baya.
Wai shekararsa sha biyar.
Wuya kamar na zalɓe, murya ba ta gama fashewa ba.
Ya dire mini takalma kamar kwalekwale biyu:
"Baba, bakinsu ya buɗe."
Lamba arba'in da tara!
An zazzage dilolin gwanjo a Kasuwar Barci,
ba a samo musu ɗan'uwa ba.

To, na zura basilla.
Na yanko tsohuwar taya, na shafa gam, na danne da dutse.
Sau bakwai suna dawowa, sau bakwai ina rufe musu baki,
har na iya karatunsu:
dunduniya sabuwa fil, yaron a kan yatsu yake gudu;
gefen hagu ya cinye, nan yake juyawa ya bar mutum tsaye.

Daga Narayi yake tasowa, gari bai waye ba,
ya haye gada, in babu na mota ya taka.
Uwarsa na suyar doya a bakin titi,
ita ke ƙirga mini kuɗin gyara, duk maiƙo.

Sai wata ta zo daga Amurka da tef a jaka,
ta ce ya buɗe hannuwa, ta auna, ta rubuta,
kamar mai sayen katako.
Ban so abin ba. Na dai yi shiru, na ja zarena.
Biza ta ƙi sau ɗaya. Ya kwana uku bai taɓa ƙwallo ba.
A na biyu ta fito, cikin ruwan Agusta,
ya zo jiƙe sharkaf ya rataye takalman a reshe:
"Riƙe mini, Baba."

Wata huɗu, sai ga muryarsa a waya:
"Baba, a nan kowa dogo ne.
Sun ba ni takalma tara, ko ɗaya bai san ƙafata ba.
Benci nake ɗumamawa. Na yi targaɗe. Abincinsu ba barkono."
Me zan ce? Ni ba koci ba.
Na ce: sabon takalmi sai ya ciji mai shi kafin su saba.

Daren jiya, ƙarfe uku, ni da maigadin fili
muka haɗa kai a kan waya mai tsagaggen gilashi.
Saura minti biyu aka sa shi.
Ya jefa, ta daki ƙarfe ta dawo.
Maigadi ya yi tsaki.
Ni ban kalli kwando ba, ƙasa nake kallo:
ga ta nan, ƙafar hagu, ta kafe, ta murza,
wani ƙato ya wuce fuu kamar an kira shi gida.
Sai data ta ƙare.

Ban san ko ta shiga ba.

Da safe wata yarinya, Kasham, doguwa kamar gwangwala,
ta tsaya tana kallon reshe, silifas a ƙafarta.
Na sauko da su, na kakkaɓe yanar gizo,
na cusa tsumma a gaba.
Na ce aro ne fa, mai su zai dawo.
Ta ɗaure igiya, ta yi tsalle ɗaya,
bakin na dama ya sake buɗewa.

Miƙo, na ce. Zauna. Basillar na kusa.